Lamba Goma a Ambulan ɗin Sha Uku

Duk Larabar farko ta wata, Anti Tela takan rufe shagonta da wuri, ta share teburin yanka, ta shimfiɗa tsohon bargo, ta kwantar da jitar mijinta a kai. Shekara ashirin da biyu ke nan ita ke canja mata tsirkiya. Da farko rawar kai ce irin ta amarya, daga baya don hannunta ya fi nasa haƙuri, daga ƙarshe kuma don idonsa ya daina ganin 'yar ƙofar da ake zura wayar. Shi dai nasa ya zauna a bencin masu jiran ɗinki, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana ba da umarni, sai ka ce yau ta fara.

Jitar ja ce, ta lantarki, irin mai rabin kogo: tsakiyarta katako ne cike, gefe da gefe babu komai ciki, da tsaga biyu masu lanƙwasa a ƙirji. Irin wannan jita tana da halinta. Jakinta, wato ɗan katakon da tsirkiyoyin ke hawa ta kansa daga ƙasa, ba gam ba ƙusa, ɗaurin tsirkiyoyin ne kawai ya danne shi. In ka kwance duka shidan lokaci guda ya zame, kuma kafin ka gano mazauninsa daidai ka sha wuya.

"Ɗaya-ɗaya fa," in ji shi, kowane wata.

"Na ji, Maigida."

"Sha uku ce ko?"

"Ga ambulan ɗin nan a gabanka."

Tsirkiyar jita lamba gare ta, kamar allurar keken ɗinki. Ana kiran saiti da kaurin mafi siririyar cikin shidan. Tara da goma masu laushi ne, da ka taɓa sun kwanta. Sha uku kuwa sai mai ƙashi a yatsa, amma muryarta cike take, tana da nauyi. Shi da ita ya fara tun yana saurayi, ya kuma yi ta faɗa wa duk mai kunne, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Sha-Uku. A wurinsa tara ta 'yan koyo ce, goma ta ragwaye. Ya faɗi wannan a gidan biki, ya faɗa a asibiti, ya taɓa faɗa ma a wurin gaisuwar mutuwa.

To, abin da ke cikin ambulan ɗin dai goma ce.

Shekara huɗu da suka wuce ciwon suga ya fara cin idonsa, ya kuma kashe masa jin kan yatsu. Ƙarfin hannun hagun ya ragu. Wata rana shugaban ƙungiyarsu ta kiɗa ya zo shagon da wando, wai a rage masa tsawo, wandon da ko makaho ya shafa ya san lafiyarsa ƙalau. Ya daɗe yana juya shi a hannu kafin ya yi magana.

"Anti, maganar da nauyi. Mutumin nan ba ya iya danne waya. Rabin abin da ya kaɗa a mace yake fitowa. Ba na so a ce ni na zaunar da shi, amma in aka kai ƙarshen shekara a haka, Dogo mai jita ta biyu zai hau kujerarsa."

Ta san mijinta. Kujerar nan ita ke sa shi yin aski, ita ke sa shi shan magani a kan lokaci, ita ke fitar da shi daga gida. Sau ɗaya ta gwada ce masa ko zai sauko sha biyu, ya yi kwana biyu bai ci abincinta ba. Daga nan ta daina shawara da shi, ta koma shawara da Mai Gyara, wani dattijo mai shagon gyaran kayan kiɗa a bayan tasha, wanda ba ya son magana ballantana gulma.

A hankali suka sauko da shi, yadda ake sauko da tsoho daga bene. Sha biyu tukuna. Bayan wata takwas, sha ɗaya. Da aka cika shekara biyu da farawa, goma. Duk saukowa sai ta ce za ta kai jitar a goge mata datti, Mai Gyara ya sassauta ƙarfen da ke cikin wuyanta don ya dace da sabon ɗaurin. Da suka zo goma ya canja har ɗan ƙashin nan mai tsagu shida da ke saman wuya, don tsagun tsohon sun yi wa siraran wayoyin faɗi, suna ziza. Tsofaffin ambulan masu lamba sha uku kuwa ba ta yar da ko ɗaya ba. Takan goge su da dutsen guga su miƙe, ta zuba sababbin wayoyin ciki, ta liƙe.

Kiɗansa ya dawo. Shi ya ce wata ƙwallon roba ce da yake matsawa kowace safiya, har ya saya wa mai ganga guda. In aka tafa masa yakan miƙe ya rusuna, ya ɗaga yatsunsa sama ya ce, "Ga ni da shekara sittin da uku, har yau a kan sha uku." Anti Tela ba ta taɓa jin kunyar abin da ta yi ba. Abin da ke ɗan sosa mata rai shi ne ƙwallon roba ta kwashe ladan.

Ranar Alhamis ɗin da asiri ya tonu, ita ma tana ɗakin gwajinsu. Ranar Asabar da yamma za su yi wasa kai tsaye a gidan rediyo, Shugaba kuma ya ce ko ba a ganinsu sai sun sa kaya iri ɗaya, shi ne ta kawo falmaran shida a gwada. Ɗakin a bayan wani sito yake, bangonsa an liƙe shi da kwalayen ƙwai don ya sha ƙara, ga fanka mai wuya a karye tana hura kusurwa ɗaya, ga wayoyi a ƙasa an ɗaure su da salatif. Tana tsaye bayan Shugaba, bakinta cike da fil, tana kama masa kafaɗar riga, sai ta ji tas. Siririyar tsirkiyar mijinta ce ta tsinke.

Babu ta canji a akwatin jitar. Ita ce ba ta taɓa barin ta a ciki ba, kuma da dalili.

"Kwantar da hankalinka," in ji Dogo, mai jita ta biyu, wanda suka yi shekara talatin suna zolayar juna. "Ina da sha uku guda ɗaya. Mu ragwaye 'yan goma ita muke sawa a layi na biyu. Kawo in ɗaura maka."

Ta so ta ce a bari ta sa, amma fil ne a bakinta, hannunta biyu kuma a rigar mutum. Kafin ta tofar da su a tafin hannu Dogo ya riga ya zura wayar yana murɗa kunnen jitar. Ya zo ɗora ta a tsagarta ta saman wuya, ta ƙi shiga. Ya danna da farce, ta ƙi. Ya kawo jitar kusa da ido, ya dubi sabuwar wayar, ya dubi ta kusa da ita. Sannan ya sunkuya ya tsinci guntun da ya tsinke, ya mirza shi tsakanin yatsu.

Dariya ya fara yi, kuma a yi masa adalci, ba ta mugunta ba ce, ya ɗauka kuskuren mai shago ne.

"Sha-Uku, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Ta biyunka ce sha uku, kaurinsu ɗaya da wadda na sa yanzu. Wannan saitin goma ne, irin nawa sak." Ya sake duban ɗan ƙashin. "Amma kuma tsagar ma ta goma aka yanka."

Nan dariyar ta mutu. Mai ganga ya ajiye sandunansa. Shugaba ya shiga kallon salatif ɗin da ke ƙasa. Sha-Uku bai karɓi jitar ba, ya juyo da fuskarsa wajen da yake ganin inuwar matarsa.

"Tun yaushe?"

"Maigida, mu je gida."

"Tun yaushe, na ce."

"Shekara huɗu. Goman, shekara biyu."

Shugaba, bawan Allah, ya ga ya kamata ya gyara. "Wallahi kiɗanka bai taɓa daɗi kamar na shekarun nan ba," in ji shi. Da ya yi shiru da ya fi.

Haka suka koma gida. Washegari da safe mijinta ya fita shi kaɗai, abin da ya daɗe bai yi ba, ya dawo wajen ƙarfe sha ɗaya da sabon saiti na sha uku. Daga baya ta ji cewa sai da ya sa mai shagon ya karanta masa lambar sau uku, ya kuma tsayar da wani mai wucewa ya sake karantawa. Ya shigo shagonta, ya ture yadin da take yankawa, ya ɗora jitar a kan teburin ba bargo ba komai. Ya lalubo almakashinta na yankan yadi, wanda ko zare mai kauri ba ta yarda a yanka da shi, ya bi tsirkiyoyin nan shida yana datsewa, ko sassauta su bai yi ba. Suna tsinkewa suna dukan katakon. Jakin ya zame, ya faɗo ƙasa, ya gangara ƙarƙashin keken ɗinki. Mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana ce mata ɗaya-ɗaya ke nan.

Ta zauna ta ɗauki wata riga tana farke mata hannu, tana kallonsa ta wutsiyar ido. Ya yage ambulan, ya kamo bakin waya, ya shiga neman ƙofar kunnen jita. Ya soka ta wuce ta gefe. Ya juya kunnen ya sake sokawa. Ya matsa bakin taga, ya cire tabarau, ya mayar. Ta ƙyale shi ya yi minti goma sha biyar a haka, kuma ba za ta ɓoye ba, ta ji daɗin minti biyar na farko. Sauran goman ne suka yi mata ciwo.

Ta tashi ta ɗauko jakin, ta hure masa ƙura, ta shimfiɗa bargon. Bai miƙa mata wayar ba, amma da ta zare ta daga hannunsa bai riƙe ba.

Mazaunin jakin bai ɓace mata ba, don rana ta kodar da jan fentin ko'ina ban da inda ƙafafunsa suka zauna, sai ta daidaita shi a kan shatin. Ta fara da tsirkiyoyin gefe biyun don su danne shi. Kowace ta maƙala gindinta a ƙasa, ta ja ta zura a kunne, ta bar rarar yatsa uku, ta lanƙwasa bakin, ta murɗa tana bi da babban yatsa don naɗin ya sauka ƙasa a jere, kada wani ya hau wani. Ko ɗaya cikin shidan ba ta zauna a tsagarta ba.

"Sai an kai wa Mai Gyara," in ji ta. "Tsagun sun yi kaɗan, kuma ƙarfen wuyan a sassauce yake. Ba zai ɗauki wannan ɗaurin ba."

"Abokin munafuncinki ba zai sake taɓa jitata ba."

Ta naɗe guntun takardar yashi, ta bi tsagun tana gogawa a hankali har wayoyin suka shiga. Wannan dai ta iya. Wuyan ne ba ta da abin yi masa. Tana ƙara ɗauri yana ƙara sunkuyowa, wayoyin suna ƙara tashi daga kansa, har ta ga za ta iya zura allin ɗinkinta a tsakani. Ta ja kowace sau uku don ta saki jiki, ta sake ɗaurewa, ta datse rarar da filaya, ta jona masa a 'yar lasifikar da ke ƙarƙashin teburin.

Ya ja yatsa a kan shidan a sake, bai danna komai ba. Muryar ta cika shagon, mai kauri, mai ɗumi, tana fitowa daga kogon nan tana daɗewa kafin ta mutu. Anti Tela ta manta da wannan muryar. Ita ce ta ji a wani gidan biki shekara ashirin da uku da suka wuce, har ta tambayi ƙawarta wane ne wancan mai jar jitar. Ba ƙarya yake yi ba, sha uku daban ce, kuma haushin gaskiyarsa ya fi komai ƙona mata rai.

Sai ya ɗora hannun hagu. Abin da ya fito ba kiɗa ba ne, ƙwas ne kawai da ziza. Ya ƙara ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi. Biyu suka fito, sauran suka mutu. Ya ci gaba, ya fi rabin awa yana maimaita layi ɗaya. Ita ta fara ganin jini a waya ta uku, shi bai ji komai ba.

"Yatsanka ya tsage. Ka san ciwonka ba ya son rauni."

Ya goge a wandonsa. "Shekara huɗu ina tashi ina rusunawa, ana tafa wa ƙarya."

"Wa ya kaɗa? Ni na kaɗa?"

"Kin mai da ni abin dariya a gaban Dogo."

"Dogo bai ƙarasa dariyar ba ma. Kiɗa kake so ka yi, na sama maka hanyar yi."

"Ba ki tambaye ni ba."

"Na tambaya. Kwana biyu ba ka ci abincina ba."

Ya bari ta wanke yatsan ta ɗaure, ya kau da kai yana kallon titi.

Ranar Asabar ta jefa saitin goma a jakarta, a ambulan ɗinsa na gaskiya, da filaya da 'yar takarda da za ta cike tsagun da ta faɗaɗa. Ɗakin gidan rediyon sanyi ƙalau, da kafet mai cinye sawu, da gilashi a bango wanda ma'aikacin sauti ke zaune a bayansa, da agogo babba mai jan hannu. Ƙarfe huɗu za a buɗe musu. Ƙarfe uku da kwata suka fara gwaji, kuma waƙar farko da jitarsa take buɗewa, shi kaɗai, kafin kowa ya shigo.

Ya fara, ya tsaya. Ya sake farawa, ya kai rabi. A karo na uku ma'aikacin sautin ya danna maɓalli ya tambaya ko wayar lasifikar ce ta samu matsala.

Shugaba ya dubi agogo, ya dube ta. "Anti, minti nawa?"

"Ashirin."

Ya je ya durƙusa a gaban kujerar mijinta, babban mutum da furfurarsa, ya rage murya. "Yaya, kujerarka ce, ba wanda ya isa ya taɓa ta. Bari ta mayar maka da goman. Rediyo ne, ba mai gani. Mu nan kuma bakinmu ɗaya."

"Na rantse ba zan sake tsokanarka ba," in ji Dogo. "Ni na shekara talatin a kan goma, me ya same ni?"

Ta riga ta buɗe jakar, hannunta na kan filayar. A ranta ta tabbata zai yarda. Zai yi gunaguni, zai ce na yau ne kawai, zai yi wata guda yana ɗaure mata fuska, amma zai yarda, don ta ɗauka duk duniya babu abin da yake so kamar ya kaɗa jitar nan a ji.

Ya zare wayar lasifikar daga jikin jitar, ya naɗe ta a hannu a tsanake, ya miƙe.

"A ba Dogo," in ji shi. "Ni ba a san ni da goma ba."

Ya kwantar da jitar a akwatinta, ya lalubi maƙullan ya rufe. A bakin ƙofa ya cire falmaran ɗin ya rataya a jikin kujera. Ita ta ɗauki akwatin, don matakalar gidan rediyon ba ta da abin dafawa. Suna cikin mota aka buɗe shirin, direban ya ƙara murya, suka ji Dogo yana kaɗa layin mijinta tsaf, babu kuskure ko ɗaya.

Yanzu kullum yana shagonta, a bencin masu jira, daga safe har ta tashi. Askin ya koma sai ta matsa, maganin sai ta ajiye masa a tafin hannu. Jitar tana saman kabad a cikin akwati, da sha ukunta a ɗaure tam a kan wuyan da ba a gyara ba. Ta gaya masa ko sassauta su a yi, in ba haka ba wuyan zai lanƙwashe har ya ƙi miƙewa, ya ce kada wanda ya taɓa. Shugaba ya zo sau biyu ya roƙe shi, na uku bai zo ba.

Takaicinta ba na an kama ta ba ne. Shekara huɗu ta yi tana guge ambulan don kada a raba mutum da kiɗansa, ashe shi sunan ya fi so. Da ta sani tun farko da ta huta.

Bakinsa dai bai mutu ba. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji tarihin. Wata ranar Laraba wani malamin makaranta ya kawo kwat a rage masa, ya zauna jira, mijinta ya kama shi da labari.

"Ni da kaina na ajiye. Yaran yanzu zare suke kaɗawa, ba waya ba. Ka ga waccan a sama? Sha uku ce a kanta ranar da na tashi. Tambayi Anti, ita ta ɗaura."

Malamin ya juyo yana murmushi. "Haka ne, Anti?"

Ta dubi mijinta. Ya karkato da kai wajenta yana jira, yatsun hagunsa suna motsi a kan gwiwarsa, suna danna abin da babu.

"Haka ne," in ji ta. "Ni na ɗaura."

Ta saukar da allura a kan kwat ɗin, ta taka keken.